Wanne ne labarin asali, na littafi ko na fim?

"Malam, barka da aiki. Ni mai kallon fina-finan Marvel da DC ne, amma ban taɓa karanta littattafan zanen da aka ciro su daga ciki ba. Ina da aboki da ya karanta wasu, kullum muka kalli fim sai ya ce an ɓata labari, ba haka yake a asali ba. Ya ce Thanos ba don ƙarancin abinci ya kashe rabin halitta ba, don soyayya ya yi. Ya kuma ce Spider-Man da X-Men duk 'yan gida ɗaya ne da Avengers. To idan haka ne, me ya sa masu fim ke sauya labari, kuma me ya hana a haɗa su tun farko? Sai na koma na karanta littattafan ne kafin in san labarin gaskiya?"

Ɗan'uwa, abokinka bai yi maka ƙarya ba a duka biyun. Thanos na littafi neman soyayya ne ya kai shi ga ɓarnar da ya yi, kuma Spider-Man da X-Men da Avengers tun shekarun 1960 suke shiga labarin juna a takarda, kamfani ɗaya ne, wato Marvel, ya haife su. Inda zan ja da shi shi ne zaton cewa akwai wani labari guda, tsayayye, da aka rubuta aka rufe, sannan masu fim suka zo suka yi masa kutse. Babu wannan labarin. Na daɗe ina karanta waɗannan littattafai, tsofaffi da sababbi, ina kuma zana nawa gajerun labarai, wani lokacin a kawo mini rubutaccen labari in tsara masa hotuna kafin a ɗauka. Ta nan zan ba ka amsa: abin da na gani a shafi, abin da na gani a allo, da abin da kamfanonin suka sanar da bakinsu.

Tambayarka a dunƙule ita ce, idan fim ya saɓa wa littafi, laifin wa ne? Wani lokaci ba laifin kowa ba ne. Wani lokaci laifin yarjejeniyar da aka sa wa hannu ne tun kafin a haifi wasu daga cikin 'yan wasan. Wani lokaci kuma, e, darakta ne ya kwafsa.

## Littafin ma bai tsaya wuri ɗaya ba

Ɗauki Superman, babban wansu duka. Ya fara bayyana a Action Comics fitowa ta 1 a 1938, aikin samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙinsa kan dala 130. Wancan Superman ɗin ba ya tashi sama. Tsalle yake yi, ya tsallake gini mai hawa 20. Tashi ya zo ne a farkon shekarun 1940, kuma shirin rediyo da zane mai motsi na sinima na lokacin sun taimaka wajen kafa shi a zukatan mutane. Kryptonite, dutsen nan da ke karya lagonsa, a rediyo aka fara jin sa a 1943, bai shiga littafi ba sai 1949. Batman na 1939 da 1940 yana riƙe bindiga, yana kisa. Daga baya ne editoci suka kafa masa dokar hana kisa da yau masoyansa ke rantsuwa da ita. Harley Quinn kuwa don zanen talabijin aka ƙirƙire ta a 1992, sai 1999 ta shiga babban labarin littafi.

Ka ga ke nan ba littafi kaɗai ke ba allo ba, allo ma yana ba littafi. Na Nick Fury, jami'in leƙen asirin da ya haɗa Avengers a fim, ya fi kowanne daɗin ji. Wanda aka ƙirƙira a 1963 Bature ne, sojan Yaƙin Duniya na Biyu, kullum da sigari a baki. A 2002, cikin wani jerin littattafai na daban mai suna The Ultimates, mai zane Bryan Hitch ya zana Fury da fuskar Samuel L. Jackson, tun Jackson bai taka rawar ba. Fim ya ɗauko wannan a 2008. Da ya karɓu, sai a 2012 babban labarin littafi ya samar wa tsohon Fury ɗa baƙar fata mai ido ɗaya, don wanda ya fito daga sinima ya sayi littafi ya tarar da fuskar da ya sani. To a nan wa ya kwaikwayi wa?

Sannan littattafan nan wata-wata suke fita, shekara 60, shekara 80 ba hutu, marubuta barkatai suna karɓa daga hannun juna. Dole labari ya cukurkuɗe. DC hanyarta ita ce ta rushe komai ta sake gini. Ta yi haka a 1985 zuwa 1986 da Crisis on Infinite Earths, inda Supergirl da Flash suka mutu, aka sake rubuta tarihin Superman daga tushe. Ta sake yi a 2011, ta fito da littattafai 52 kowanne daga fitowa ta 1. Marvel ba ta cika rushewa ba, sai dai ta riƙa jawo lokaci gaba a hankali ba tare da ta ce uffan ba. Tony Stark, wato Iron Man, a yaƙin Biyetnam aka ji masa rauni a 1963; da shekaru suka ja aka mayar da abin yaƙin yankin Gulf, aka sake mayar da shi Afganistan, inda fim ɗin 2008 ya same shi. Peter Parker, wato Spider-Man, yana ɗan sakandare gizo-gizo ya cije shi a 1962, har yau bai yi furfura ba.

Mutuwa ma ba ta da ƙarko a wannan duniyar. A 1988 DC ta ba masu karatu lambobin waya biyu su zaɓa ko a kashe Jason Todd, Robin na biyu, wato mataimakin Batman, ko a bar shi. Masu son a kashe suka samu ƙuri'a 5,343, masu son a bar shi 5,271, tazarar 72 kacal, aka kashe shi. A 2005 sai ga shi ya dawo. A shekarar ce kuma marubuci Ed Brubaker ya dawo da Bucky, abokin Captain America, wanda tun 1964 littafi ya ce ya mutu, ya mai da shi Winter Soldier. Da a lokacin an biye wa masu cewa ba haka yake a da ba, da ba mu samu fim ɗin Captain America na 2014 ba, wanda a wurina yana cikin mafi kyau da Marvel ta taɓa yi.

In kana son ganin yadda masu fim ke aiki da wannan tarin, dubi Black Panther na 2018. T'Challa, wato Black Panther, da ƙasarsa Wakanda na Stan Lee da Jack Kirby ne, 1966. Killmonger ya zo a 1973 ta hannun marubuci Don McGregor. Dakarun mata, Dora Milaje, Christopher Priest ya kawo su a 1998. Shuri ba ta wanzu ba sai 2005, zamanin Reginald Hudlin. Babu wani littafi guda da za ka ɗaga ka ce ga labarin fim ɗin. Tsince aka yi daga aikin kusan shekara 40, aka ɗinka.

## Wa ke riƙe da takardar haƙƙi

Nan amsar tambayarka ta biyu take, kuma shi ne abin da masu musu suka fi mantawa. Kafin Marvel ta zama gagara-badau a sinima, kamfanin buga littattafai ne da ke neman kuɗi ido rufe. Ta riƙa sayar da haƙƙin yin fim da sadaukanta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gidan da ya yi ta ba da hayar ɗakunansa har ya wayi gari sai ya nemi izini kafin ya shiga falonsa. Fantastic Four sun tafi hannun wani kamfanin Jamus, Constantin Film, a 1986, daga baya Fox ta shigo ciki. X-Men sun tafi Fox a 1994. A Disamban 1996 Marvel ta shigar da takardar karayar arziki a kotu. Spider-Man ya tafi Sony a 1999. Hulk kuma yana wajen Universal.

Irin waɗannan yarjejeniyoyi suna zuwa da wa'adi: idan ka ɗauki lokaci ba ka yi fim ba, haƙƙin ya koma wa mai shi. Wannan sharaɗin ya haifi abin dariya. A ƙarshen 1992 wa'adin Constantin na gab da cika, sai aka yi maza aka haɗa fim ɗin Fantastic Four da kusan dala miliyan 1, tare da furodusa Roger Corman. An ɗauka, an gama, ba a taɓa sakinsa a sinima ba, amma haƙƙin ya zauna. Fox kuwa ta yi sake da Daredevil, wa'adi ya cika a 2012 ya koma gida, shi ya sa ka gan shi a Netflix a 2015 ƙarƙashin Marvel.

A 2005 Marvel ta ce ita ma za ta riƙa yin fim da kanta. Ta ciyo bashin dala miliyan 525 ta hannun bankin Merrill Lynch, ta ba da haƙƙin wasu sadaukanta jingina, ciki har da Captain America da Black Panther da Doctor Strange. Ka lura, waɗanda suka fi kawo mata ciniki a littafi duk suna hannun wasu. Iron Man da Thor a lokacin 'yan sahu na biyu ne a idon jama'a. Wato Avengers ɗin da ka sani da abin da ya rage a hannu aka gina su. Iron Man ya fito a 2008 ya yi kasuwa, Disney ta saye Marvel a 2009 kan dala biliyan 4, amma sayen kamfani bai warware tsofaffin yarjejeniyoyi ba.

Bari in nuna maka yadda wannan ke fitowa a cikin labari. Buɗe The Infinity Gauntlet na 1991, fitowa ta 1. Doctor Strange yana gidansa, sai wani abu ya faɗo daga sama ya fasa rufi. Silver Surfer ne, kwance a galabaice, yana gargaɗin cewa Thanos na tafe. Yanzu tuna farkon Infinity War na 2018: gida ɗaya, faɗowa ɗaya, gargaɗi ɗaya, amma wanda ke kwance Bruce Banner ne, wato Hulk. A lokacin Silver Surfer yana cikin ƙunshin Fantastic Four, a hannun Fox, ko sun so ba za su iya sa shi ba.

Na Quicksilver ya fi wannan ban dariya. Shi da 'yar'uwarsa Wanda sun fara fitowa ne a X-Men a 1964 cikin yaran Magneto, babban abokin gaban X-Men, suka tuba suka shiga Avengers a 1965. Saboda haka kamfanonin biyu kowa yana da hannu a kansu. A 2014 Fox ta fito da nata Quicksilver, a 2015 Marvel ta fito da nata: mutum ɗaya, 'yan wasa biyu, duniya biyu. A lokacin Marvel ba ta da ikon ambaton Magneto, wanda shekara da shekaru littafi ya ce shi ne ubansu, ba ta kuma da ikon cewa da baiwarsu aka haife su irin na sauran X-Men, sai ta ce gwaji aka yi musu da sandar Loki. Kuma a daidai wannan tsakanin littafin ma ya juya ya ce ashe Magneto ba ubansu ba ne.

Civil War na littafi, 2006 zuwa 2007, aikin Mark Millar da Steve McNiven, ya fara ne da fashewa kusa da wata makarantar firamare a Stamford, jihar Connecticut, inda mutum sama da 600 suka mutu. Gwamnati ta ce duk mai rufe fuska ya zo ya yi rajista da sunansa na gaskiya. Reed Richards na Fantastic Four shi da Stark su ne ƙwaƙwalwar ɓangaren gwamnati, Spider-Man kuma ya cire abin rufe fuskarsa gaban 'yan jarida. A fim ɗin 2016 babu Reed, kuma maganar ɓoye suna ba ta da ƙarfi, tunda Stark ya tona kansa tun ƙarshen fim ɗinsa na farko. Sai aka mayar da rigimar kan wa zai riƙa ba Avengers izinin shiga ƙasashen mutane, bayan ɓarnar Sokovia da ta Legas, aka kuma ɗora nauyin labarin kan Bucky. Yaƙin da a takarda ya haɗa sadaukai ba iyaka, a allo mutum 12 ne a wani filin jirgin sama na Jamus. Spider-Man ma da ƙyar ya samu shiga, sai a Fabrairun 2015 Sony da Marvel suka daidaita kan aronsa. Aro ne fa, haƙƙin fim ɗinsa na Sony ne, kuma a 2019 sai da suka ɓata na 'yan makonni kafin su shirya. X-Men da Fantastic Four kuwa sun dawo ne a Maris 2019, da Disney ta kammala sayen yawancin kadarorin Fox kan dala biliyan 71.3. Hulk ma, in ka taɓa tambayar me ya sa bayan 2008 aka daina yi masa fim shi kaɗai, haƙƙin rarrabawa da ya daɗe a hannun Universal yana cikin dalilan. Labarinsa na Planet Hulk a cikin fim ɗin Thor na 2017 aka cusa shi.

DC ba ta sha wannan wahalar sosai ba, don tun ƙarshen shekarun 1960 take ƙarƙashin inuwa ɗaya da Warner Bros. Nata sauye-sauyen daga canjin shugabanni da daraktoci suka fi zuwa.

## Abin da shafi ke ɗauka, allo ba ya ɗauka

Ko da babu lauya ko ɗaya a tsakani, dole wasu abubuwa su sauya, kuma nan ne nake magana a kan abin da hannuna ya taɓa. A shafin zane mai karatu ne ke riƙe da lokaci. Ina iya zana Spider-Man yana sama, ƙafa a miƙe zai kai duka, in sa masa jimla uku na ba'a a baki, in ƙara masa kumfar tunani a saman kai yana tuna kuɗin hayar da bai biya ba da jinyar matar baffansa da ta rene shi. Duk a hoto ɗaya, kuma ba wanda zai ce dukan ya daɗe bai sauka ba. Ka ba ɗan wasa wannan ya yi, zai dira ƙasa kafin ya gama jimlar farko. Tunanin da ke cikin kumfa dole a nemo masa wanda za a faɗa wa, shi ya sa fina-finan ke cike da abokai da na'urori masu magana. Jarvis a littafi mutum ne, mai hidimar gidan Stark. A fim ya koma murya cikin sulke don Stark ya sami abokin hira yana sararin sama.

Haka abin rufe fuska. A takarda fararen idanun Spider-Man ina iya ƙanƙance su idan ya fusata, in ware su idan ya firgita, mai karatu ba zai tambaye ni yadda ƙyalle ya yi haka ba. A allo kuwa ƙyalle ƙyalle ne. Shi ya sa a fina-finan farko kusan duk faɗan ƙarshe sai abin ya yage ko ya cire shi, don a ga fuskar ɗan wasan, wanda dama an biya shi maƙudan kuɗi don a gan shi. Sai a 2016 aka yi dabarar sa wa idanun na'ura mai buɗewa da tsukewa irin ta idon kyamara. Wolverine a littafi gajere ne, ƙafa 5 da inci 3, cikin rawaya da shuɗi. Hugh Jackman ya haura ƙafa 6, kuma a 2000 baƙar rigar fata aka sa masa, bai sa rawayar ba sai 2024. Da farko masu littafi sun yi ta ƙorafin tsawonsa, yau da wuya ka sami mai son a canza shi.

Akwai kuma tsimin mutane. Fim ba shi da filin gabatar da sabuwar fuska don aiki ɗaya. Ultron, mugun mutum-mutumin nan, a littafi Hank Pym ne ya ƙera shi a 1968. A fim ɗin Avengers na 2015 ba a riga an gabatar da Pym ba, sai aka ɗora wa Stark da Banner, waɗanda mai kallo ya riga ya san su da katsalandan.

Yanzu Thanos. A wurin Jim Starlin, wanda ya ƙirƙire shi a 1973, Mutuwa halitta ce, mace mai lulluɓi, kuma Thanos ya haukace a kan sonta. Ita ta tashe shi daga kabari, don ta ga rayayyu sun yi yawa, ma'auni ya karkace. Ya tara duwatsu shida, ya gina mata fada a sararin samaniya, ya ƙyasta yatsu ya shafe rabin halitta tun a fitowa ta 1, duk don ta kula shi, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba, ba ta ce masa ƙala ba. A ƙarshe ba ƙarfi ne ya kayar da shi ba. Adam Warlock, jagoran masu yaƙarsa, ya gaya masa cewa shi da kansa, can cikin ransa, bai yarda ya cancanci nasara ba, shi ya sa kullum yake barin ƙofar da za a bi a kayar da shi. Labari ne mai zurfi, ni na fi son sa. Amma ka lissafa abin da fim zai buƙata: a gabatar da Mutuwa, a gabatar da Mephisto mai zuga shi, a gabatar da Warlock, duk cikin fim ɗin da ya riga ya ɗauki sadaukai sama da 20. A ƙarshen Avengers na 2012 an yi nuni da ita, lokacin da baransa ya ce masa taɓa mutanen duniya zawarcin mutuwa ne, ya yi murmushi. Daga baya suka janye, suka ɗauki rabin dalilin da ke littafin, wato yawan rayayyu, suka mai da shi aƙidarsa, soyayyar kuma suka mayar da ita ta uba da 'ya tsakaninsa da Gamora. Ƙarshen da ya koma gona ya rataye sulkensa ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, wannan daga littafin aka ɗauko shi kai tsaye.

## Inda nake bayan abokinka

Duk wannan ba ya nufin kowane sauyi yana da uzuri. Ma'aunina, kuma nawa ne ni kaɗai, wani na iya zuwa da nasa: a sauya shekara, a sauya gari, a sauya riga, a sauya launin fata, ban damu ba. Idan aka taɓa halin da ya sa aka san mutum, nan nake cijewa. Deadpool surutu ne jarinsa, bakinsa ba ya mutuwa ko ana sararsa. A 2009 fim ɗin Wolverine ya ɗinke masa baki. Babu yarjejeniya ko ƙarancin lokaci da ya tilasta wannan, rashin fahimta ne tsagwaronsa, kuma Ryan Reynolds ɗin da aka ɗinke wa bakin shi ya dawo a 2016 ya gyara. Galactus, ƙaton da ke cinye duniyoyi, wanda Kirby ya zana a 1966 da doguwar hular ƙarfe mai ƙahoni, a 2007 an mai da shi gajimare. A ganina kunyar zanen aka ji. A 2025 aka nuna shi da siffarsa, ya kuma zauna daram a allo.

Akwai inda fim ya fi littafi hankali. M'Baku na 1969 sunansa na yaƙi Man-Ape, yana yawo cikin fatar farin goggon biri. Masu fim ɗin 2018 suka hango abin da wannan zai nufa idan aka laƙaba wa baƙin mutum, suka yar da sunan, suka bar shi shugaban ƙabilar Jabari mai kwarjini da barkwanci.

Wanda ya fi wuyar yanke hukunci shi ne kisan da Superman ya yi wa abokin gabansa Zod a Man of Steel na 2013. Masoya suka yi ca, Superman ba ya kisa. Masu kare fim suka zaro fitowar 1988 inda John Byrne ya sa shi ya zartar wa Zod da mutanensa biyu hukuncin kisa da kryptonite. Gaskiya ne, yana nan a shafi. Sai dai a littafin abin ya ci masa rai har ya bar duniya ya yi gudun hijira a sararin samaniya, aka yi watanni ana bin wannan ciwon. A fim ya yi ihu ɗaya, ba a jima ba ana raha. Ni kisan bai dame ni ba kamar saurin mantawar. A irin wannan musun kowane ɓangare yana da shafin da zai nuna, kuma iyakar bayanina ke nan: zai iya gaya maka dalilin sauyi, ba zai gaya maka ko sauyin ya yi daɗi ba. Wannan kai da idonka ne.

## Maganar karatu

Ba sai ka karanta ba kafin ka ji daɗin fim, kuma kada kowa ya sa ka ji kai baƙo ne don ba ka karanta ba. Duniyar littafi daban take tafiya, ta fim daban, kowace da tarihinta. Amma idan sha'awa ta kama ka, kada ka ce za ka faro daga 1962 ka biyo a jere, za ka gaji tun ba ka je ko'ina ba. Nemi labaran da aka tattara a kundi ɗaya, masu farko da ƙarshe. Batman: Year One na 1987 fitowa 4 ne kacal, kuma za ka ga inda fim ɗin Batman na 2005 ya ɗebo abubuwa da dama. Ultimate Spider-Man na 2000 don sabon mai karatu aka yi shi, ya sake labarin tun daga cizon gizo-gizo. All-Star Superman fitowa 12 ne, ba ya buƙatar ka san komai kafin ka buɗe shi.

Tunda Thanos ne ya fi jan hankalinka, sai in ce ka nufi The Infinity Gauntlet, fitowa 6 ne, amma ka fara da The Thanos Quest na 1990, fitowa 2, don a nan ne ya tara duwatsun, da wayo da yaudara fiye da ƙarfi, abin da fim bai nuna sosai ba. Za ka ci karo da fuskoki da yawa da ba ka sani ba, kada ka tsaya neman tarihin kowa, ka wuce kawai. Za ka kuma lura hannun zane ya sauya a tsakiyar fitowa ta 4 ta Infinity Gauntlet: George Pérez ne ya faro, Ron Lim ya ƙarasa.